Na Sayi Injin Gudu Kamar Mai Sayen Bijimi

Wautata ba da tsufa ta zo ba, tun ina saurayi muke tare, sai dai a da ba ta da nauyi. Wadda zan faɗa yau kuwa sai da ƙarti shida suka sauko da ita daga bayan mota. Ni ne mutumin da ya shekara arba'in yana zaɓar wa mutane shanu a kasuwar Mai'adua, ban taɓa ɗora wa kowa mai ciwon huhu ba, amma ranar da zan zaɓar wa kaina abu ɗaya tak, sai na zaɓi wanda ya kusa karya ni. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, wata uku a gindin dalbejiya, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, haka mai shi ma yake.

Bakina ne ya jawo mini. Ina da taubashi, ɗan kawuna, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ina rama wa da duk abin da ya zo hannu. Ya riga ni zuwa Makka da shekara biyar. A can ƙafa ta kumbura masa, aka ɗora shi a keken guragu, wani ƙato ya tura shi ya yi ɗawafi, ya tura shi Safa da Marwa. Da ba wanda zai sani a Daura, sai wani da suka sauka ɗaki ɗaya ya tsegunta mini. Ranar da ya dawo, ana ta yi masa barka ana karɓar dabino, na shiga na ce sannu da zuwa Alhajin Keke. Sunan ya kama shi kamar ƙaya. A majalisarmu ta ƙofar gida, in ya yunƙura zai tafi masallaci sai in ce a kawo baro. Jikokinsa ma in an tambaye su gidan wa suke, da sunan suke amsawa. Shekara biyar ina cin wannan daɗi.

Sai 'ya'yana suka haɗu suka biya mana kujera, ni da uwarsu. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a bai daɗe ba, gari duk ya shiga taitayinsa, kowa ya ajiye gemu, ni ma na ajiye nawa, ya fito gashi bai fi a ƙirga ba. Kafin tafiya aka ce sai an duba lafiyar maniyyata. Likitan da ya duba ni sa'an ɗana na biyu ne. Ya ɗora ni a sikeli, ya leƙa, ya ce in sauka in sake hawa, kamar sikelin ne ya yi ƙarya. Ya ɗaura mini abu a dantse, ya tsaga mini yatsa. Sannan ya ajiye biro ya ce, Baba, akwai suga, akwai hawan jini, ga kuma tumbi. Na ce tumbin ba sai ka faɗa ba, tare muka zo. Bai yi dariya ba. Ya ce saura wata huɗu, in ban fara tafiya kullum har sai na yi gumi ba, to in sa a raina a keke za a tura ni.

Ban san ta inda maganar ta bi ba, amma kafin magariba taubashina ya iso. Ya zo da ɗan matashin kai a hammata, ya ajiye a gabana cikin ladabi, ya ce tsaraba ce ta gaba, kujerar keken tana da tauri. Ya zauna ya shiga ba ni labarin Safa da Marwa kamar mai karanta mini hukunci: zuwa da dawowa sau bakwai, kowane sawu ya fi daga nan zuwa bakin kasuwa, kuma akwai wurin da aka sa koren fitila, inda ake so namiji ya yi sassarfa.

"Gudu fa, bawana," ya ce. "Kai da rabonka da gudu tun ranar da bijimin nan ya kwance a kasuwar Zango."

In faɗi gaskiya, ba tsoron Allah ne ya tashe ni ba. Malamai sun sha faɗa, wanda aka tura ma hajjinsa ya yi, ba abin da ya ragu. Tsoron ɗan kawuna ne. Na san in aka ɗora ni a keken nan ko da na taku goma ne, sai an binne ni da sunan da ya fi nasa muni.

Washegari da hantsi na fita tafiya. Niyyata daga unguwarmu, nan kusa da Kusugu, in miƙe har hanyar Zango in dawo. Abin da likita bai sani ba, dattijo ba ya tafiya a Daura. Ban yi taku ashirin ba mai shayi ya durƙusa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafi. Na amsa duka. Na ɗaga ƙafa, tela ya fito. Bayan tela sai surukin ƙanena, shi kuma ba a yi masa gajeriyar gaisuwa. Kowane ɗan acaɓa ya hango ni sai ya ci birki, Baba hau mana. In na ce tafiya nake so, sai ya dube ni da tausayi ya ce ai ba sai na biya ba. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa na karye har na sayar da babur.

Rana ta biyu na canza dabara. Na sunkuyar da kai, na ɗaga ƙafa da sauri, wanda ya gaishe ni sai in ɗaga hannu kawai. Can na ji takun mutane a bayana. Na waiga, dattawa uku ne, kowa ya saɓa rawani yana salati ƙasa-ƙasa. Sun ga mutum irina yana sauri da safe ba ya amsa gaisuwa, suka ce ba shakka jana'iza ce. Ɗayansu ya matso ya ce, wa muka rasa? Na ce ba kowa. Ya ce to ina za mu? Haka muka tsaya cirko-cirko a bakin titi, ƙarshe na saya musu ƙosai muka dawo a kan babura.

Na koma wa likita na ce garin nan ba ya tafiyuwa. Shi ne ya ce akwai inji, mutum ya hau yana tafiya ko yana gudu a wuri ɗaya, a cikin ɗakinsa, ba mai gaishe shi. Na ɗauka zolaya ce. Ya ce in je wajen masu gwanjon kayan Kwatano a hanyar Mai'adua, ya taɓa gani. Ya ja mini kunne: in hau in gwada kafin in saya, kuma in nemi mai sauƙi, tafiya ake so ba tsere ba. Na ce to. Wannan to ɗin a ƙofar asibiti na bar shi.

Mai shagon magidanci ne mai 'ya'ya, na san ubansa, mun yi dillanci tare kafin ya rasu. Firij yake kawowa da kekuna da fankoki, injinan nan kuwa cikon kaya ne suka biyo, guda uku, sun fi shekara a lungu. Taubashina ya ce sai ya raka ni, don kada bawansa ya ɓata. Aka jawo su waje aka kakkaɓe. Na farko ɗan ƙarami ne, siriri, ba ya shan wuta, da ƙafarka za ka tura bel ɗin ya juya, mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa a ka. Na biyu matsakaici, mai wuta, ana naɗe shi a jingina da bango. Na uku kuwa, jama'a. Baƙi wuluk, ƙirjinsa faffaɗa, hannuwansa kamar ƙahon bijimin Azawak, gabansa cike da maɓallai. A gefensa akwai hoton wata Baturiya tana gudu, amma saboda zamanin da ake ciki mai shago ya bi ta da baƙin fenti tun daga wuya har idon sawu, sai fuska da takalma kawai suka rage. Taubashina ya ce ko ita ma ta shiryu.

A sana'armu akwai abubuwa uku da ba a koya wa mutum da baki. Ba ka nuna wa mai dabba wadda ranka yake so. Ba ka yarda da wadda ya fi yabo, don yawanci ita yake neman rabuwa da ita. Kuma nauyi ba ya ƙarya, dabba in ta cika ido ta cika hannu to ta ci abinci. Da waɗannan na ci, na yi aure, na aurar. Da su kuma na shiga shagon nan.

Mai shago ya dafa ƙaramin ya ce, Baba, ni dai wannan nake ba ka shawara. Ya ce ba ruwansa da wuta, ba ya lalacewa, zai shiga kowace ƙofa, kuma daidai ƙarfinka zai tafi, in ka tsaya ya tsaya. Ya yaba shi har sau uku. Na ce a raina, yaro, ubanka ma bai yi mini wannan ba. Na ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya, na ji shi sakayau kamar akuyar da ta sha zawo, na ajiye. Na zagaya na biyu ina taɓe baki. Na uku kuwa ko kallonsa ban yi ba sai da gefen ido. Da na zo wucewa sai na ɗan dake shi da tafin hannu a kwiɓi, ya amsa da murya mai kauri. Na sa kafaɗa na tura, ko gezau. Na durƙusa kamar zan gyara takalmi na leƙa ƙarƙashinsa, ban san abin da nake nema ba, amma ba a sayen dabba ba a leƙa ƙarƙashinta ba.

Mai shago ya gane inda na dosa. Ya ce Baba, wancan na gidan 'yan motsa jiki ne, na samari masu tsere, yana shan wuta kamar injin niƙa, shi kansa bai taɓa ganin ya tashi sosai ba. Da na ji yana kushe shi, sai na tabbata shi ne na kirki, yana ɓoye shi ne don wani mai kuɗi. Ya ce to aƙalla in hau ƙaramin in ji. Na dubi bakin shago, mutane sun taru sun fi goma, har da masu lodin mota. Ni da babbar riga da hula zanna, in hau abu ina tattaki a wuri ɗaya a gaban jama'a? Dillali ba ya hawan bijimin da zai saya. Na ce ba sai na gwada ba, idona ya gwada. Muka yi ciniki, ya yi ta albarka ba da zuciya ɗaya ba, ƙarshe ya ce ya sallama. Na ce na saya. Muka tafa hannu, taubashina ya shaida, ya shafa fatiha yana murmushi.

Ƙarti shida suka sauke shi a ƙofar gidana. Ya shiga zaure da kyar, bayan an cire ƙyaure. Daga zaure zuwa cikin gida kuwa, gininmu na da ne, ƙofar ƙunci ce kuma a karkace take don kada na waje ya hango mata. Aka juya shi ta kai, aka juya ta gindi, aka kwantar, ya ƙi. Wani ya ce a fasa bango. Uwar yara ta aiko daga ciki cewa duk wanda ya taɓa bangon nan ya shirya ginin sabo. Haka injin da na saya don in ɓuya daga masu gaisuwa ya zauna a zaure, inda ake zuwa gaishe ni.

Sai maganar wuta. Ɗan janaretanmu da aka haɗa masa, ya yi tari sau biyu ya mutu. Wutar gari kuma in ta zo ba ta da ƙarfi, sai fitilun gaban injin su kama jajir, bel ya ƙi motsi. Kwana tara ina zaune kusa da shi kamar mai jinya. Masu zuwa gaisuwa suka ƙaru, kowa ya gaishe ni sai ya gaishe shi da ido. Wani tsoho daga ƙauye ya tambaya ko na sussukar gero ne. Ni kuwa kwanaki suna tafiya, tumbi yana nan inda yake.

Rana ta goma bayan la'asar wuta ta zo da ƙarfinta. Zaure cike, taubashina yana nan, don tun da aka kawo injin bai yi fashi ba. Na ce a rufe ƙofa, aka ce ai ƙyauren yana waje. Na naɗe hannun riga a kafaɗa, na yi bisimilla na hau. Rubutun maɓallan duk Turanci ne, ni kuwa Turancina na kasuwa ne, bai wuce ƙirga ba. Na danna kore. Ƙasa ta fara tafiya a hankali, na bi ta. Wallahi daɗi. Na ji kamar ni ne na ƙera shi. Ana haka wani ƙanen matata ya yi sallama, ya durƙusa a gefe ya fara ina wuni. Ba a amsa gaisuwar suruki ana ba shi ƙeya, na juyo da kai, hannuna ya sauka a kan wani maɓalli, ya zauna a kai. Ban san ƙafafuna suna da wannan gudun ba. Rigata ta cika da iska, hula ta tafi. Ina ji yana cewa ina gajiya, ina ce masa ba gajiya. Ina neman ja in danna, sai masu wuta suka riga ni, suka ɗauke. Injin ya tsaya cak, ni ban tsaya ba.

Gwiwar dama ce ta fara isa ƙasa. Aka ɗauke ni mutum huɗu aka shigar da ni ta ƙofar da injin ya ƙi shiga. Mai ɗori ya zo ya ce ba karaya, targaɗe ne, amma sai na yi sati uku ban taka sosai ba. Taubashina ya shigo har ɗaki, don shi ba a hana shi shiga, ya zauna a bakin gado. Na jira ya yi dariya, bai yi ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce in kwantar da hankali, ya san wani mai tura keke a can, hannunsa da laushi, zai ba ni kwatancensa.

A kwancen nan na gane ƙaramin ne nawa. Amma a wurinmu in an ce na saya, an ce na sallama, an tafa, magana ta mutu. Na sha ganin mutum ya sayi saniya ta faɗi a hanya, ya yanka ya yi shiru. Dillalin da ya mayar da kaya, gobe wa zai ba shi igiya? Na gaya wa uwar yara haka. Shekara talatin da takwas muna tare a lokacin, ta san inda ake taɓa ni in yi ihu da inda ba a taɓawa. Ta ɗauki kwanon abincina ta fita. Ashe uwar mai shagon ƙawarta ce ta Islamiyya. Bayan kwana biyu sai ga mai shago da ƙartinsa, ya durƙusa ya ce Baba, alfarma na zo nema. Wai wani babban mutum a Katsina ya matsa masa lamba a kan babban injin, in na taimaka na ba shi, zai bar mini ƙaramin in riƙa lallaɓawa. Na san ƙarya ce, ya san na sani. Na ɗan ja masa rai don mutunci, sannan na ce saboda mahaifinka, ɗauka.

Ƙaramin ya shiga cikin gida a kan mutum ɗaya. Aka ajiye shi a rumfar tsakar gida, kusa da randa. Ni ina jinya, don haka uwar yara ta ce bari ta ɗan taka kada ya yi tsatsa. Ta riƙe hannuwan, ta tura da ƙafa, bel ya juya yana ƙara kamar jigo. Ran farko ta yi kaɗan ta sauka tana haki. Cikin sati ɗaya sai ta ɗora tukunya ta hau, ba ta sauka sai ruwa ya tafasa. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya ta gani. Ita ma likita ya ce ta riƙa tafiya, to a ina? Matar aure ba ta fita titi tana zagaye ba dalili, balle a shekarun nan da kowa ya sa ido a kan kowa. Kafin gwiwata ta warke, matan unguwa sun raba lokaci a tsakaninsu. Da safe 'yan Islamiyya, da yamma masu suga.

Ranar da na fara takawa na fito da gajeren wandona mai rufe gwiwa, sai na ji muryoyi a rumfa. Na koma na sa riga. Gidan da matan mutane suka cire hijabi suna gumi, maigida ba shi da wurin zama a cikinsa. Na yi gyaran murya na bi ta gefen bango na fita zaure. Haka na zama baƙo a gidana, ina zaune a inda babban injin ya bar sawu a ƙasa, ina jin ƙarar nawa daga ciki ana dariya. Na kai ƙara wajen uwar yara, na ce ni fa aka rubuta wa maganin nan. Ta ce akwai lokacin da ba mai so, tsakanin azahar da la'asar. Lokacin da ko ƙadangare yake neman inuwa.

Shi na karɓa. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Kullum in na dawo daga masallaci sai in hau, rana tana dukan kwanon rumfa, uwar yara tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai amma in na rage sauri sai ta ce ta ji. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa cewa maƙwabciyarmu mai jika tara ta fi ni daɗewa a kai. Wani lokaci in ce gwiwa, ta ce to sauka, ai matashin kan yana nan ta ajiye mini. Sai in ci gaba. Tumbin bai tafi ba, amma ya ɗan ja da baya, har tazugen wandona ya samu rara. Na gwada sassarfa sau biyu, injin ya yi kuka, ni ma na yi, muka bar maganar. Likita ya sake ɗora ni a sikeli ya ce ba laifi. Na ce zan yi da ƙafata? Ya ce Allah ya sa. Ban ji daɗin wannan amsar ba.

Taubashina ya raka mu har inda ake hawa mota. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau, har na ji ƙwalla. Da ya shafa sai ya raɗa mini cewa ya bar sallahu wajen mutum uku a ayarinmu, kowa zai sa mini ido.

Ɗawafi na yi shi da ƙafata, don jama'a ce take ɗaukar mutum, ko ba ka so sai ka tafi. Safa da Marwa ne inda aka rabu. Sawu na farko na tafi da ƙarfina, uwar yara tana baya, da na zo koren fitila har na yi 'yar sassarfata, haramina yana zamewa. Na biyu lafiya. Na uku gwiwa ta fara magana. A na biyar ta daina magana ta fara ihu. Na ja gefe na jingina da bango, na sulale na zauna a kan dutsen nan mai sanyi. Ban ga kowa daga ayarinmu ba, amma na san mutum ukun nan suna wani wuri. Sai ga mai keke, dogo, ya tsaya a gabana yana bubbuga kujerar yana cewa Hajji, Hajji. Kujerar nan ta yi mini kyau. Na ce a raina, suna ne fa kawai, mutum nawa ne suka rayu da mugun suna. Hannuna ya fara ɗagawa.

Uwar yara ta shiga tsakaninmu. Ba ta jin Larabci, da bayan hannu ta kore shi, yadda take korar kaji daga shanya. Ko haki ba ta yi. Ta miƙo mini ruwan zamzam a kofi, ta jira na shanye.

"Tashi, Malam. Dafa kafaɗata."

Na ce a gaban mutane?

"Mutanen nan ba su san ka ba. Waɗanda suka san ka kuma keke suke jira su gani."

Na dafa. Muka tafi a hankali, in na ja ƙafa ta jira, in na matsa ta matsa. Da muka zo koren fitila na ɗan girgiza jiki a wuri ɗaya don kada a ce ban yi ba, na ji kafaɗarta tana rawa, dariya take yi a cikin hijabi. Sawu biyu da rabi muka yi haka. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san waɗanda muka fara tare sun daɗe da aski.

A Marwa na zube, ƙafafuna a miƙe, ina numfashi kamar bijimin da aka kora daga Mai'adua zuwa Daura. Ina ta shirya abin da zan gaya wa ɗan kawuna, kalma bayan kalma. Ita kuwa ta zauna a gefena tana gyara bakin hijabi, tana kallon hanyar da muka biyo. Can ta faɗi wata magana, ba ta ma dube ni ba, kuma har yau da nake rubutun nan ban ba ta amsa ba.

"Ka san, Malam, tun da aka kai ni gidanka, yau ne muka fara jerawa a hanya."